A Bar Ta Ta Zo da Mai Rakiyarta

Cikin sharuɗɗan da wasu masu ɗaukar hoto ke gindaya wa masu tallan kayan ƙawa, wato waɗanda ke tsayawa gaban kyamara sanye da kayan da ake tallatawa, akwai guda ɗaya da ban taɓa yarda da shi ba: wai kada a zo da mai rakiya. Mace ta baro gida, ta nufi adireshin da ba ta sani ba, ta shiga ɗakin da ake rufe ƙofarsa da tagoginsa saboda tsarin haske, ta yi awa uku ko huɗu tare da mutumin da ba ta taɓa gani ba sai a waya, kuma duk wannan ita kaɗai. Idan ta ce za ta zo da yayarta ko ƙawarta, sai a ce ba ta ƙware ba, ko a ce ta nuna rashin yarda, a soke aikin. Ni dai a wurina wannan sharaɗi kuskure ne, kuma ina faɗin haka ne duk da na san irin ciwon kan da mai rakiya ke iya jawo wa wanda ke riƙe da kyamara.

Bari in fara da kukan masu hoto, don ba ƙarya suke yi ba. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya ga saurayin da ke rako budurwarsa, ya jingina da bango, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya haɗe rai. Ba ya cewa uffan, amma kowa a ɗakin yana jin nauyinsa. Da kyamara ta yi ƙara, sai idon yarinyar ya bar gilashin ya koma kansa, tana son ta ga ko ya amince da wannan tsayuwar. Kafaɗunta su ɗage, haɓarta ta sandare, murmushin ya tsaya a leɓe bai kai ido ba. Kyamara kuwa ba ta rufa wa kowa irin wannan asiri. Sai a ɗauki hotuna ɗaruruwa, a zauna zaɓe da dare, a rasa goma na kirki. An biya hayar situdiyo da awa, an biya mai kwalliya, mai kayan da ake tallatawa yana jira, kuma ba wanda zai ce laifin mutumin da ke jikin bango ne. Sunan mai hoto ne a kan aikin, shi zai sha zagin.

Akwai uwar da ke ba da umarni daga baya: ɗaga kanki, gyara gashinki, ba haka kike yi a gida ba. Akwai ƙawar da ke zaro waya tana ɗaukar duk abin da ake yi, kafin a tashi ta watsa a Instagram, alhali kamfanin da ya ba da tufafin ya ce kada kowa ya gan su sai ranar da zai fito da su kasuwa. Wannan kaɗai ya isa ya raba mai hoto da abokin cinikinsa har abada. Wani zai yi tuntuɓe da wayar wuta ya kayar da fitila, wani ya taka farar takardar da aka shimfiɗa a bayan mai tsayuwa da takalminsa, sai an yanke wurin an jefar. Ga kuma maganar sata. Gilashin kyamara guda ɗaya, wanda zai shige aljihun riga, yakan fi kyamarar kanta tsada, mai hoto kuwa idonsa na cikin aiki, ya ba jakarsa baya. Mata masu ɗaukar hoto suna da nasu tsoron, wanda ba a cika ambata ba: an ce za a zo da ɗan'uwa, sai ga ƙaton baƙo a ɗakin aikinta, ba ta san sunansa ba, ba ta san daga inda ya fito ba.

Duk na yarda da waɗannan. Inda muka rabu shi ne a ce maganinsu hana rakiya. A auna abin da kowane ɓangare ke tsoro. Mai hoto na tsoron asarar yini guda, ko kayan aiki, ko abokin ciniki. Asara ce mai zafi, amma ana mayar da ita, kuma kabad mai makulli da inshora da magana tun kafin ranar suna toshe mafi yawanta. Wadda ke gaban kyamara kuwa jikinta da mutuncinta take jiye wa, wani lokaci ma har ranta.

Wannan tsoro yana da tarihi. A shekarun 1957 da 1958, a birnin Los Angeles na Amurka, wani mai suna Harvey Glatman ya riƙa gabatar da kansa a matsayin mai ɗaukar hoto yana yaudarar mata. Ya kashe uku kafin a kama shi, aka zartar masa da hukuncin kisa a 1959. Wani zai ce ai wancan mayaudari ne, bincike kaɗan zai tona asirinsa. To, Charles Rathbun, wanda ya kashe Linda Sobek a Kalifoniya a 1995, mai hoto ne na gaske da ake buga hotunan motocinsa a mujallu, kuma aikin ɗaukar hoto ne ya fitar da ita daga gida ranar. Wani kuma zai ce a riƙa bi ta hannun kamfanin da ke wakiltar mutum. Chloe Ayling, 'yar Birtaniya mai shekara 20, ta hannun wakilinta aka shirya mata aiki a Milan ta ƙasar Italiya a watan Yulin 2017. Ta isa wurin ita kaɗai, ashe babu wani aiki. Aka yi mata allurar gusar da hankali, aka cusa ta a jaka, aka tsare ta kwana shida a wani gidan ƙauye kusa da Turin. Kotun Italiya ta yanke wa Lukasz Herba, wanda ya sace ta, ɗaurin shekara 16 da wata 9 a 2018. Abin da ya haɗa labaran nan uku shi ne kowane shiri ya rataya ne a kan matar ta zo ba kowa tare da ita.

Irin waɗannan ba kullum suke faruwa ba, kuma yawancin masu hoto mutanen kirki ne da ke neman halaliyarsu. Abin da ya fi yawa, wanda ba ya kaiwa kotu ko jarida, a hankali yake zuwa. An yi magana a kan hoton riga da jaka. An shafe awa guda ana aiki lafiya, ana yaba mata, ta saki jiki. Sai a ce, “Ɗan sauke kafaɗar rigar nan, haske zai fi kyau.” Ta sauke. “Ƙara kaɗan. Kada ki damu, in ba ki so sai mu goge.” Can sai hannu ya miƙo zai gyara mata wuyan riga ba tare da an tambaye ta ba. Kowane mataki ƙarami ne, har ta rasa a kan wanne za ta ce a'a ba tare da an ɗauke ta mai taurin kai ba. Ga kuɗin aikin bai shigo hannunta ba tukuna, ga hotunan suna wurin mutumin, ga ƙofa a rufe, wataƙila ma shi ya ɗauko ta a motarsa zuwa inda ba ta san hanyar komawa ba. Ta koma gida da hotunan da ba ta yi niyyar yi ba, in ta yi ƙorafi kuma a ce ai da kanta ta yarda. A zaunar da mutum ɗaya a kusurwar ɗakin nan, wanda ya san abin da aka yi alkawari a kai, ko da bai buɗe baki ba, yawancin waɗannan kalmomi ba za su fito daga bakin mai faɗinsu ba.

Amsar da na fi ji daga masu hoto masu kyakkyawar niyya ita ce: ai ba mu kaɗai ba ne, ga mataimakina, ga mai kwalliya, ita ma mace ce. Hakan ya fi babu, amma bai wadatar ba. Mataimakin nan wa ke biyansa? Mai kwalliyar nan wa zai sake kiranta aiki mako mai zuwa? A watan Janairun 2018 jaridar New York Times ta buga bayanan maza fiye da ashirin, masu tallan kaya da mataimaka, waɗanda suka zargi Mario Testino da Bruce Weber, biyu daga cikin masu hoton da suka fi suna a duniya, da cin zarafi ta hanyar lalata. Dukansu sun musanta. Kafin nan da 'yan watanni, a Oktoban 2017, kamfanin Condé Nast mai mujallar Vogue ya daina aiki da Terry Richardson bayan an yi shekaru ana irin wannan zargi a kansa, shi ma ya ce bai taɓa tilasta wa kowa ba. Hukunci ba nawa ba ne. Abin da nake so a lura da shi, mutanen nan kewaye suke da ma'aikata, amma duk da haka maganganun sun yi shekaru suna yawo a ƙasa kafin su fito fili. Wanda abincinsa ke hannunka zai yi wuya ya ɗaga murya a kanka, ko da ya ga abin da bai yi masa daɗi ba. Darajar mai rakiya duka tana nan: shi ne mutum ɗaya tak a ɗakin da ba ya jiran komai daga mai hoto. Ba ya neman aiki, ba ya neman suna, ba ya tsoron a daina kiransa. A kuma lura cewa masu zargin a wancan rahoto maza ne, don haka duk abin da nake faɗa a kan mace ya shafi saurayin da ya fara wannan sana'a shi ma.

Manyan kamfanoni sun gane haka, ko da yake sai da aka matsa musu. A Satumban 2017, LVMH da Kering, kamfanonin Faransa biyu da ke riƙe da sunaye irin su Dior da Louis Vuitton da Gucci da Saint Laurent, sun fitar da yarjejeniyar haɗin gwiwa wadda ta wajabta wa masu shekara 16 zuwa 18 zuwa da mai rakiya ko waliyyi, ta kuma hana sa su aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A farkon 2018 Condé Nast ya fito da nasa ƙa'idojin: ba barasa a wurin aiki, a tanadi keɓaɓɓen wurin sauya tufafi, duk hoton da ya shafi tsiraici ko tufafi masu nuna jiki sai wanda za a ɗauka ya amince tun kafin ranar, sannan ya ba da shawarar kada a bar shi daga shi sai mai hoto ko mai kwalliya. Jihar New York ta wuce nan. Dokar kare ma'aikatan harkar kayan ƙawa, wadda ƙungiyar Model Alliance mai kare haƙƙin masu tallan kaya ta daɗe tana fafutuka a kanta, an sa mata hannu a Disamban 2024, ta fara aiki a Yunin 2025, kuma cikin abin da ta ɗora wa masu ba da aiki har da barin mutum ya zo da wakilinsa ko manajansa ko mai rakiyarsa. Idan aikin da ake kashe wa maƙudan kuɗi, mai tarin ma'aikata da jadawali mai tsauri, zai iya ɗaukar kujerar baƙo guda ɗaya, ban ga dalilin da mutum ɗaya da kyamara ɗaya a ɗakin haya zai ce nasa aikin ya fi ƙarfin haka ba. A irin waɗannan ƙananan ayyuka ne ma, inda babu kamfani babu lauya, inda sau da yawa ba kuɗi ake biya ba sai dai a ba ta hotuna a madadin lokacinta, sababbin shiga suka fi yawa, kuma su ne suka fi buƙatar wani nasu a kusa.

To, ta zo da shi. Daga nan ina bayan mai hoto. Zuwa da mai rakiya haƙƙinta ne, amma tsarin ɗakin aiki nasa ne, kuma yana da ikon shimfiɗa ƙa'ida, muddin ya faɗe ta da wuri, tun ran gini tun ran zane. Mafi yawan rigimar da ake yi a kan wannan batu ba-zata ce ke haifar da ita: an buɗe ƙofa ana jiran mutum ɗaya, sai ga uku har da ƙaramin yaro. Shi ya sa nake ganin mai hoto ne ya kamata ya fara tayar da maganar, tun a saƙon farko, kafin ita ta tsaya tana juya yadda za ta tambaya ba tare da ya ji haushi ba. “In kina son zuwa da wani, babu laifi. Mutum ɗaya, babba, ki turo min sunansa kafin ranar.” Wannan ɗan saƙo yana sauke mata fargaba tun kafin ta fito daga gida, kuma wadda ta zo hankalinta a kwance ta fi ba da hoto mai kyau. Neman sunan baƙon ma adalci ne. Yadda take da ikon bincikar wanda za ta je wurinsa, haka shi ma yake da ikon sanin wanda zai shigo masa ɗaki.

Ranar aikin, a karɓi mai rakiya kamar mutum. A gaishe shi da sunansa, a nuna masa inda ake sauya tufafi da banɗaki da ƙofar fita, a kuma ba shi ya karanta abin da aka amince a rubuce: irin tufafin da za a sa, lokacin tashi, da inda za a yi amfani da hotunan. Mintuna biyar ne, amma mutumin da aka girmama da wuya ya zama matsala. Sai kujera. Inda aka ajiye ta yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A bayan fitilu ya kamata ta kasance, can gefe, inda zai ga komai ya ji komai amma idon wadda ake ɗauka ba zai riƙa faɗawa kansa ba. Idan aka zaunar da shi daidai bayan kafaɗar mai hoto, to duk hotunan za su fito tana kallon wani wuri. Idan kuma aka kai shi wani ɗaki aka rufe ƙofa, zuwansa bai yi amfani ba. Wata takan ce ita kunya take ji a gaban yayarta, ta fi son ta zauna a falo. Wannan zaɓinta ne, sai a bar ƙofar a buɗe. Ƙa'idojin kuwa ba su da yawa: kada ya ɗauki hoto sai ya nemi izini, kada ya taɓa kayan aiki, kada ya ba da umarnin tsayuwa, wayarsa ta yi shiru. Duk abin da yake son faɗa mata ya bari sai an tsaya hutu, ban da abin da ya saɓa wa alkawari, wannan kam a take ake faɗinsa.

Hutun nan ya kamata mai hoto ya ba su da gangan, ya koma gefe yana duba kyamararsa ya bar su su biyu. A nan ne za ta iya cewa ƙasa-ƙasa, wannan rigar ban ji daɗinta ba, ko na gaji, ko mu tafi. Mutum da yawa ba sa iya faɗin haka kai tsaye ga wanda ke ɗaukarsu, amma suna iya faɗa wa nasu, shi kuma ya isar.

Wasu masu hoto sukan ba mai rakiya ɗan aiki, kamar riƙe faifan da ke mayar da haske, ko jaka, ko rigar sanyi idan a waje ake. Ban ga laifin haka ba, yana ma rage zaman gundura da yawan tsoma baki. Amma akwai aiken da nake so duk mai rakiya ya ƙi, komai ladabin da aka roƙe shi da shi: wanda zai fitar da shi daga wurin. “Don Allah ɗan je ka sayo mana ruwa.” “Na manta batir a mota, ga makulli.” Sau da yawa ba da wata manufa ake faɗa ba, amma wanda ke da manufa ma da irin wannan yake farawa, kuma daga waje ba a bambance su. Mai hoton kirki ya aiki mataimakinsa, ko a tsaya a je tare.

Masu tsayawa gaban kyamara su ma akwai nasu nauyin, kuma a nan ba zan sassauta ba. Ki zaɓi wanda za ki zo da shi da hankali. Mai natsuwa, mai iya zama awa uku ba tare da ya dami kowa ba, wanda kuma zai iya miƙewa ya ce ya isa idan ta kama. Ki yi masa bayanin aikin tun a gida, ki nuna masa irin hotunan da za a yi, don kada ya fara ganinsu a wurin ya firgita. Idan mijinki ko saurayinki bai yarda da aikin ba tun asali, ku warware wannan a tsakaninku, domin situdiyon wani ba wurin da za a kawo wannan gardama ba ne, kuma rashin adalci ne a sa mai hoto ya biya kuɗinta. Wadda ta fi dacewa sau da yawa ita ce ƙawar da ita ma ta san sana'ar, domin ta san abin da aka saba da wanda ba a saba ba. Sannan rakiya ba ta ɗauke miki bincike. Ki nemi waɗanda suka taɓa aiki da mutumin, ki samo su da kanki daga hotunan da ya wallafa, ban da waɗanda shi ya zaɓo ya ba ki, ki tambaye su yadda suka rabu. Ki bar wa wani na uku adireshin da lokacin da ya kamata ki fito.

Akwai wani ɓangare da masu goyon bayan rakiya ba sa son a taɓo, amma gaskiya ne. Wani lokaci mai rakiyar shi ne abin tsoron. Za ka ga mutum ya zo yana kiran kansa manaja, duk tambayar da aka yi mata shi ke amsawa, shi ke cewa za ta iya yin abin da ita fuskarta ke nuna ba ta so, kuma kuɗin a asusunsa yake so a tura. A irin wannan hali korarsa ba ta gyara komai, tunda tare za su koma gida. Abin da mai hoto zai iya yi shi ne ya ƙi bari a mayar da ita kaya. Ya yi mata magana kai tsaye ya jira amsa daga bakinta. Ita za ta sa hannu a takardar amincewa, ita za a biya, sai dai in ita ta nuna wata hanya a rubuce. In baƙon ya ce a ƙara abin da ba ya cikin yarjejeniya, amsar a'a ce, ko da ya rantse ta yarda.

Batun yara ya fi wannan tsanani, kuma babu wurin muhawara a cikinsa. Duk wanda bai kai shekara 18 ba, ba a ɗaukarsa sai da babba mai alhakinsa a wurin daga farko har ƙarshe, kuma mai hoton da ya karɓi yarinya ita kaɗai ya jefa kansa da ita cikin haɗari. Tun 2013 New York ta shigar da yara masu tallan kaya cikin dokar da ke kare yara 'yan wasa, ta wajabta a samu babba mai kula da duk wanda bai kai shekara 16 ba. A Ingila, ƙa'idojin 2014 sun ce yaron da ke aiki da lasisi sai ya kasance tare da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko malamin da ya saba koyar da shi, ko mai rakiyar da ƙaramar hukuma ta tantance, kuma mai rakiya ɗaya ba zai kula da yara fiye da 12 ba. Abin da ya burge ni a tsarin Ingila shi ne aikin wannan mai rakiya na yaron ne, ko da kamfanin ne ke biyansa. Idan ya ga yaron ya gaji, yana da bakin cewa a tsaya. Wannan yana da amfani domin iyaye ma wani lokaci burin ganin ɗansu a allon talla yakan rufe musu ido. Yaro yana kuka saboda takalmin ya matse shi, uwa tana raɗa masa ya daure saura kaɗan. A nan mai hoto ne ya kamata ya sauke kyamara ya ce a huta, ko da uwar ba ta nema ba.

Masu hoto maza su kuma tuna cewa kujerar nan tana yi musu aiki su ma. Sana'a ce da ke tafiya da suna, kuma zargi guda ɗaya, na gaskiya ko na ƙarya, yana iya rufe ta. Ranar da aka samu saɓani a kan abin da aka faɗa ko aka yi, wanda ya yi aiki a gaban shaidar da matar ta kawo da kanta ya fi wanda ya rufe ƙofa ya ce a yarda da shi kwanciyar hankali. Da haka nake ba sababbin masu hoto shawara su nemi nasu mataimakin su ma, ya zama kowane ɓangare yana da nasa mutum.

Saura abin da za a yi idan duk an bi wannan kuma mai rakiya ya ƙi bin ƙa'ida. A tsayar da aiki, a ja shi gefe a tuna masa abin da aka yi magana a kai, cikin ladabi, ba a gaban kowa ba. Yawanci hakan ya isa. In ya sake, kuskuren da ake yawan yi shi ne a kore shi waje a ci gaba da ɗauka. Yin haka ya mayar da matar cikin halin da ta yi ƙoƙarin kauce wa, ga shi kuma yanzu ran mai hoto a ɓace yake. Ko da ta ce babu komai a ci gaba, a duba ko da zuciya ɗaya ta faɗa, domin wadda ke tsaye tsakanin mutum biyu da ke fushi takan faɗi duk abin da zai kashe maganar. Abin da ya fi shi ne a tashi aikin na ranar, a daidaita kuɗin lokacin da aka yi kamar yadda yarjejeniya ta tanada, a ba ta damar sa wata rana ta zo da wani daban. Mai hoto ya rubuta wannan sharaɗi a takardarsa tun farko, cewa idan baƙo ya hana aiki za a dakata kuma ga yadda za a raba asarar hayar wurin, don kada a tsaya gardamar kuɗi a bakin ƙofa.